Na'ura ta ce, to ita wa ya faɗa mata?

Bara da damina aka yi rasuwa a layinmu, nan cikin gari. Allah bai ba matar haihuwa ba. Ta bar miji, ta bar tsohuwar mahaifiyarta da ranta, ta bar ƙanne biyu da suka haɗa uwa da ita amma uba daban, sai kuma wanta guda, shaƙiƙinta, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka biya bashi, aka yi wa shagonta da filinta da 'yan gwalagwalanta kuɗi, abin ya tashi naira miliyan 18.

Ko sadakar arba'in ba a yi ba, ƙaramin ƙanin, wanda yake sana'ar waya a kasuwar Farm Centre, ya zauna ya jera wa ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basirar nan magadan da aka bari. Kafin ya ɗauke yatsa ta zubo masa rabo tsaf, har da ayoyi. Miji rabi, miliyan 9. Uwa sudusi, miliyan 3. 'Yan'uwa biyu na wajen uwa sulusi, miliyan 6. Shaƙiƙi kuwa asaba ne, ragowa yake ci, ga shi babu ragowa, don haka ba shi da komai. Yaron ya ɗauki hoton amsar ya jefa a zauren dangi na WhatsApp, gida ya kama da wuta.

Bayan isha'i wan marigayiyar ya yi mini sallama, saboda an san aikin lauya nake yi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Barista, don girman Allah faɗa mini gaskiya. Ƙanwata da muka sha nono ɗaya, uba ɗaya ya haife mu, a ce ba ni da ko sisi a abin da ta bari, wai na'ura ce ta faɗa?" Na ce masa, "Alhaji, ka kwana da haƙuri, da asuba mu je wajen Malam." Malamin unguwarmu bai bari mun gama bayani ba ya ce, "Ai wannan Mushtaraka ce. Ku uku za ku raba sulusin nan daidai wa daida, miliyan bibbiyu." Sannan ya jawo Risala, ya buɗe babin gado, ya ɗora yatsa a kan layin, ya karanta, ya fassara.

Abin da ya hana ni barci daga baya shi ne, na'urar ba ƙirƙirar amsar nan ta yi ba. Maganar Imamu Abu Hanifa ce da Imamu Ahmad, kuma akwai ƙasashen da da ita ake hukunci. Amma kotunan shari'ar Musulunci na Kano Malikiyya suke bi, tun kafin zuwan Turawa har yau. Na'urar ba ta tambayi yaron daga wane gari yake ba, ba ta ce masa malamai sun saɓa ba, ba ta nuna masa littafi da shafi ba. Ta yi magana ne da murya irin ta wanda ya tabbata, kuma wannan muryar ce ta raba kan gida.

Mu nan muna da tsohon ma'auni na karɓar magana, kuma ina ganin shi ya kamata mu ɗora wannan sabon abu a kansa. Duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi ya ji maganar Abdullahi ɗan Mubarak, cewa isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Magabata ba sa tsayawa a kan daɗin matani. Sai sun tambaya: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, an san shi da gaskiya, yana da kiyayewa? Aikin lauya ma a kan haka aka gina shi. In na tsaya gaban mai shari'a na ce Kotun Ƙoli ta ce kaza, dole in faɗi sunan shari'ar, da shekarar, da kundin da aka buga ta, da shafin, domin lauyan ɗaya ɓangaren ya je ya duba ya kama ni in na yi ƙari. Wannan shi ne isnadinmu.

Manhajojin da suka cika wayoyinmu tun daga ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ta fito, an gina su ne a kan wani abu daban. An ɗura musu tarin rubuce-rubucen da ke intanet, suka koyi wace kalma ce ta saba biyo bayan wace. In ka tambaye su, jera kalmomi suke yi bisa abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa abin yakan dace da gaskiya, shi ya sa suke da amfani. Amma ranar da babu gaskiyar a hannunsu, ba sa rasa abin faɗa. Za su ƙera maka sunan shari'a, da shekara, da shafi, komai ya yi kama da na gaske. A ma'aunin malaman hadisi, wannan maruwaici ne mai zaƙin baki wanda yake haɗa ingantacce da ƙagagge a zama ɗaya, kuma shi kansa bai san wanne ne wanne ba.

An riga an gani a aikace. A Amurka, wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca ƙara, yana cewa keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. A 2023, a gaban wata kotun tarayya, lauyansa ya shigar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukunce shida na baya don kafa hujja. Lauyoyin kamfanin suka nema suka rasa, alƙali ya nema ya rasa, ashe ko ɗaya ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙaga su. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin, lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. Kotu ta ci lauyoyin fasinjan tarar dala 5,000, sunan lauyan kuma ya zaga duniya. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Ingila ta haɗa shari'u biyu masu irin wannan matsala ta ja kunnen lauyoyi. A ɗaya daga ciki, cikin hukunce-hukunce 45 da aka kafa hujja da su, 18 babu su a duniya.

To wannan a ƙasashen da kusan kowane hukunci yana kwamfuta ke nan, inda bincike na minti biyar zai tona asirin ƙarya. Ka kawo abin nan Kano. Ka je kotun Ƙofar Kudu ko ta Shahuci, ko kotunan majistare na Nomansland, ka ga yadda alƙali yake sunkuye da biro yana rubuta kowace magana da hannunsa. Dubban hukunce-hukuncen da aka yi da Hausa a kan aure da gado da gona da bashi suna cikin manyan littattafai a ɗakunan ajiya, ƙura da gara suna rabon su. Ba su taɓa hawa intanet ba, saboda haka na'ura ba ta taɓa ganinsu ba. Abin da ta ƙoshi da shi shi ne dokokin Amurka da Ingila, da fatawoyin shafukan da yawancinsu ba Malikiyya suke bi ba. In ka tambaye ta shari'ar Kano, da ilimin wani gari za ta ba ka amsa, cikin harshenka, har ka ɗauka 'yar gida ce.

Kuma saɓanin ba ƙarami ba ne, ba kuma a gado kaɗai yake ba. Ɗauki shuf'a, wadda ake yawan rigima a kanta a gidajen gado na cikin gari. A Malikiyya abokin tarayya ne yake da haƙƙin karɓar kason da aka sayar, maƙwabci ba shi da shi, alhali Hanafiyya sun ba maƙwabci. Ɗauki riƙon yara bayan rabuwar aure. A Malikiyya uwa tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare, in dai babu abin da ya kawar da haƙƙin, alhali a wasu mazhabobin shekara bakwai ake ambata. Yanzu ka yi tunanin baiwar Allah da aka saka, ba ta da kuɗin lauya, ta ari wayar ƙanenta da dare ta tambaya, aka ce mata ɗanta ya kai bakwai, na ubansa ne. Ba za ta je kotu ba. Za ta haɗa masa kayansa tana kuka. Babu alƙalin da zai ga wannan kuskure balle ya gyara, babu ɗaukaka ƙara, babu wanda zai ji labari.

Wannan ita ce ɓarnar da na fi tsoro, fiye da hoton mutum-mutumi a kan kujerar alƙali da ake ta yaɗawa. Mai kuɗi zai ci gaba da ɗaukar babban lauya mai ɗakin karatu da yara masu bincike, in ma ya yi amfani da na'ura akwai mai dubawa. Talaka ne za a bar wa waya.

Akwai kuma maganar harshe. Bahaushe in ya ce "ɗan'uwana ne", zai iya nufin shaƙiƙi, ko ɗan uba, ko ɗan baffa, ko wanda suka tashi gida ɗaya kawai. A gado kuwa wannan bambancin shi ne komai. Gogaggen alƙali ba ya wucewa sai ya ce, "Ɗan'uwa ta ina?" Mace za ta tsaya a kotu kunya ta hana ta ambatar sunan mijinta ko na ɗan fari. Za a tambaye ta ko yana dukanta, ta sunkuyar da kai ta ce "babu komai", alƙalin da ya san mutanensa ya gane akwai komai, ya sallami 'yan kallo ya sake tambaya. Wannan ilimi ba ya cikin kalmomin da aka furta, balle a kwashe shi a ɗura wa kwamfuta.

A nan ne maganar take taɓa asalin tambayar da masana falsafar doka suka daɗe suna yi: mece ce doka? A 1897 Oliver Wendell Holmes, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, ya ce shi a wajensa doka ba komai ba ce illa hasashen abin da kotuna za su yi a aikace. Masu ƙera manhajojin hasashen hukunci a yau jikokin wannan ra'ayi ne. In doka hasashe ce, to wanda ya haddace hukunci miliyan ya fi wanda ya haddace dubu, kuma na'ura ta gama da mu. Amma Bahaushe ya ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Da ina ɗaukar wannan karin magana a matsayin kuka da rashin tabbas. Yanzu ina ganin akwai yabo a cikinsa. Ma'anarsa, ƙofa a buɗe take har sai an ji kowa.

Mas'alar da ta tayar da ƙura a layinmu ita kanta hujja ce. Littattafan fiƙihu suna kawo cewa Sayyadina Umar ya fara hukunta ta ne kamar yadda na'urar ta faɗa, ya hana shaƙiƙai. Da irinta ta sake zuwa gabansa, shaƙiƙan suka ce masa, a ɗauka ubanmu jaki ne, ko dutse ne da aka jefa a teku, ashe ba uwa ɗaya ta haife mu ba? Sai ya shigar da su cikin sulusin. Daga nan ta samo ɗaya sunan nata, Himariyya, daga sunan jaki a Larabci. Da a ce na'ura aka ɗura wa hukuncin farko, da shi za ta yi ta maimaitawa har a tashi duniya, domin abin da ya wuce kaɗai ta sani. Abin da ya sauya hukuncin mutum ne da ya tsaya da ƙorafinsa, da alƙali mai kunne wanda bai ji nauyin barin maganarsa ta jiya ba. A wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari ma ya faɗa masa haka, cewa kada hukuncin da ya yi jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau.

Duk wanda ya saba zama a kotun shari'ar Musulunci ya san i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya juya ga wanda hukuncin zai faɗa wa ya ce, "Kana da sauran magana? Kana da wata hujja?" Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan tambaya kaɗai. Tambayar tana da daraja ne saboda mai yin ta zai iya sauya ra'ayi in ya ji amsa. Ranar da alƙali ya shigo da hukuncin da manhaja ta riga ta tsara masa tun daren jiya, i'izari ya zama al'ada kawai, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci, ya zama rubutu a takarda.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a majalisa. Wani dattijo da shari'ar filinsa ta shekara bakwai ana ɗagewa ya ce mini, "Barista, ku dai kuna kare abincinku ne. Na'ura ba ta cin hanci, ba ta da suruki, ba a yi mata waya daga sama." Ban iya yi masa musu a kan ciwonsa ba. Akwai alƙalan da suka ci amanar kujera, akwai ma'aikatan da fayil ba ya motsi sai an shafa musu, akwai mu lauyoyi masu neman ɗagewa ba dalili. Wanda wannan ya cinye wa shekaru yana da haƙƙin ya yi fatan wani abu daban. Amma azzalumin alƙali yana da suna, yana da fuska, ya sa hannu a takarda. Ana ɗaukaka ƙara a kansa, ana kai shi gaban hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha, kuma muna ji a rediyo ana dakatar da wasu, ana sallamar wasu. Bayan wannan duka yana da kabari, kuma ya san hadisin da ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna. Son kan na'ura kuwa a ɓoye yake, a wurin da ni da dattijon nan ba za mu taɓa leƙawa ba.

Amurka ta ɗanɗana wannan. Kotuna a wasu jihohinta suna amfani da wata manhaja mai suna COMPAS da take auna yiwuwar mai laifi ya sake aikatawa. A jihar Wiskonsin an ɗaure wani mutum shekara shida, alƙali ya ambaci makin da manhajar ta ba shi. Mutumin ya nemi a nuna masa yadda aka yi lissafin, kamfanin ya ce sirrin kasuwancinsa ne, kuma a 2016 kotun ƙolin jihar ta bar hukuncin a tsaye, ta dai gindaya gargaɗi. A shekarar ce 'yan jaridar ProPublica suka bi diddigin dubban mutane a Fulorida, suka ce cikin waɗanda ba su sake laifi ba, manhajar ta fi liƙa wa baƙar fata tambarin haɗari kusan ninki biyu a kan farare. Kamfanin ya musanta. Ko ma wa ya fi gaskiya a lissafin, tambayar tana nan: yaya mutum zai kare kansa daga shaidar da ba a yarda ya yi masa tambayoyi ba? Mu da muke tazkiyar shaidu, muna binciken halin mutum kafin a karɓi maganarsa, bai kamata mu karɓi wannan ba. Ka kuma tuna da wane abinci za a ciyar da irin wannan manhaja a Kano. Rajistar kamen 'yan sanda ce, wadda ta cika da sunayen unguwannin da aka riga aka yi wa tambarin daba, inda ake kai samame a kwashe mai laifi da mai dawowa daga masallaci. Yaro zai nemi beli, unguwarsu ta hana shi, a ce lissafi ne.

Ga wata fitinar kuma tana ƙwanƙwasa ƙofa. Yau da 'yan daƙiƙu na muryar mutum ana iya ƙera magana da bakinsa wadda bai taɓa yi ba. A garin da ake kawo saƙon murya kotu a matsayin shaidar saki ko bashi ko ɓata suna, garin da murya ɗaya a WhatsApp za ta iya tayar da unguwa kafin la'asar, wannan ba abin wasa ba ne. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya fi mayar da hankali a kan tabbatar da cewa na'urar da ta fitar da abu tana aiki daidai. Waya tana iya zama lafiya lau, muryar da ke cikinta ta ƙarya ce. Sannan mai laifi na gaske shi ma ya sami mafita, zai ce ba muryarsa ba ce, haɗawa aka yi. Kotunanmu suna bukatar ƙwararrun da za su iya tantancewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ɗauka cewa nake a rufe ƙofa. Ni kaina ina amfani da waɗannan manhajoji. Suna taƙaita mini yarjejeniya mai shafi ɗari, suna gyara mini tsarin wasiƙa, suna tuna mini gefen da ban duba ba. Lauyoyi da yawa a Najeriya sun daɗe suna neman hukunce-hukunce a rumbuna irin na LawPavilion, kuma wannan ya sauƙaƙa aikin da a da sai an kwana a ɗakin karatu. Bambancin shi ne, rumbun da zai kai ni ga ainihin hukuncin in karanta da idona ya ba ni isnadi. Ka'idata ɗaya ce, abin da ban buɗe na gani ba ba ya shiga takardar da zan sa wa hannu. Sirrin wanda nake wa aiki kuma ba na zuba shi a manhajar da ban san inda take ajiya ba. Amana ta hana, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hana.

In da gaske muna son wannan fasaha ta yi wa adalci hidima a Kano, wurin aikinta a bayyane yake, kuma ba kujerar alƙali ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ka shiga Kurmawa ko Goron Dutse za ka tarar da wanda ya fi shekarun da za a ɗaure shi in da an same shi da laifin, saboda fayil ya ɓace, ko ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, ko an sauya wa ɗan sanda mai bincike wurin aiki. Dokar tafiyar da shari'un laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, Kano ma ta yi tata dokar a 2019. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan an rufe shaida da jawabin lauyoyi. Waɗannan ƙidayar kwanaki ce, abin da kwamfuta ba ta gajiya da shi. A ba ta rajistar duk wanda ke tsare, ta riƙa tayar da magatakarda da alƙali duk safiya: wane ya cika kwanakinsa, wance ba a kawo ta kotu ba wata uku. A ba ta ɗaukar maganganun zaman kotu ta rubuta, alƙali ya ɗago kai daga biro ya kalli fuskar mai ba da shaida, daga baya ya duba rubutun ya gyara ya sa hannu. Kwafin shari'a da ake wata da watanni ana bi kafin a ɗaukaka ƙara ya fito a mako guda. Ko wannan kaɗai aka yi, an share hawaye masu yawa.

Aikin da ya fi wannan girma namu ne, babu kamfanin waje da zai yi mana. Garin nan ne Al-Maghili ya zauna zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta wa sarki yadda ake mulki da adalci. A nan Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam saboda mutanen Kano sun nemi ya nuna musu hanyar hukunci. A nan aka buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934, da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Yau muna da tsangayar shari'a a Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aminu Kano da kowa ya sani da Legal, da reshen makarantar horar da lauyoyi a Bagauda, ga matasa masu ilimin kwamfuta birjik. Me zai hana waɗannan su haɗu su kwashe hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci su zuba a rumbu ɗaya, a cire sunayen mutane, a haɗa da Risala da Mukhtasar da Tuhfa da sharhohinsu, da fassarar Hausa da malamai suka tantance? Sai a gina manhajar da ba ta buɗe baki sai ta nuna littafi da babi da shafi, in kuma ba ta samu ba ta ce ba ta sani ba, a je wajen malam ko kotu. Imamu Malik da kansa an san shi da yawan cewa "ban sani ba", kuma hakan bai rage masa daraja ba. Manhajar da ba ta iya faɗin wannan kalma ba ta cancanci a tambaye ta gado.

Kafin a kai can, ina roƙon Babbar Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai su fitar da umarni a rubuce, kamar yadda hukumar shari'ar Ingila ta fitar wa alƙalanta a Disambar 2023. Lauyan da ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen shirya takarda ya tabbatar da hannunsa cewa ya duba kowace hujja, in aka kama ƙagagge ya ɗauki hukuncinsa. Alƙali kada ya miƙa wa manhaja auna shaida, ko beli, ko tsawon ɗauri. Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta sa irin wannan amfani a kotu cikin sahun abubuwa masu babban haɗari, alhali su ne suke da kuɗi da ƙwararrun sa ido. Malamanmu kuma da suke da mumbari da shirye-shiryen rediyo su riƙa faɗa wa mutane a fili cewa amsar waya ba fatawa ba ce, ba kuma hukunci ba ce, musamman a gado da saki da riƙon yara.

Rabon gadon layinmu a kotu aka ƙarasa shi. Alƙali ya saurari kowa, ya tambayi dangantaka ɗaya bayan ɗaya, ya yi i'izari, ya raba kamar yadda Malam ya faɗa. Kowanne cikin ukun ya karɓi miliyan biyu ya sa hannu. Amma ƙaramin ƙanin bai goge hoton nan daga wayarsa ba. Har yau in zancen ya taso yakan ciro shi ya nuna, ya ce an haɗa baki da malamai an cinye masa miliyan ɗaya. Da ƙaramar sallah bai je gaida wansa ba, da babba ma bai je ba. Tsohuwar, wadda ta haife su duka, ita take zuba tuwon sallah a kwano biyu, ta aiki jika ya kai wa kowa nasa a gidansa.